Saƙon Inna Zuwa Shagon Kawu a Madina

Mun tashi daga Makka ana idar da sallar asuba, bas cike da mu, 'yan Umara daga Kano. Hanyar Madina shimfiɗaɗɗiya ce, ba rami ko ɗaya, hagu da dama baƙaƙen duwatsu. A wata tasha muka tsaya karin kumallo, birai suka sauko daga dutse suna jiran a jefa musu burodi. Maƙwabcina a kujera ya juya kuɗin shayi zuwa naira a wayarsa, nan take ya tuna cewa yau azumi yake yi. Kowa a motar da matarsa ko amininsa. Ni kaɗai nake, sai saƙon da na ɗauko.

Saƙon na mahaifiyata ne. Yayanta, Kawu Isiyaku, ya zo aikin Hajji tun kafin a haife ni, bai koma ba, kuma shekara biyu ke nan lambarsa ba ta shiga. Inna ta tsufa, idonta ya yi rauni. Ta ɗauki muryarta a wayata, ta ce in nemo shi in kunna masa, in kalli fuskarsa in zo in gaya mata.

A unguwar Anbariyya ta Madina muka sauka. Bayan ziyara na shiga cigiya, kwana biyu ba wanda ya san sunan. Sai wani direban tasi, mutumin Chadi, ya ce ya san wani tsoho Bakano mai sassaƙa mabkhara, wato kaskon turare, a wajen masallacin Ƙiblatain.

Shagon bai fi ɗakin kwana ba, a ƙarshen wani lungu. Tsohon yana duƙe kan injin gurzar katako, gemunsa fari fat, garin itace ya rufe masa gira. Ko ban tambaya ba, hancin Inna ne a fuskarsa. Na yi sallama na faɗi sunanta. Ya kashe injin, ya daɗe yana kallona.

"Kai ɗan Hajara ne? Tafaddal, ɗana, zauna."

Kujera ɗaya ce a shagon, ita ya ba ni.

Mabkharar tasa ƙarama ce, ta sawa a aljihu, ba ta son gawayi. Daga itacen magarya yake fafe ta, ya dasa ɗan ƙoƙon tagulla a ciki da batir mai caji. Ka sa ƙwayar turare ka danna, ƙamshi ya taso. Goma-goma yake yi, ba ya ƙarawa, sai ya goge kowace da kakin zuma kafin ya taɓa sabon itace. Ya ce masu shaguna sun gaji da roƙonsa ya ɗauki ma'aikata. 'Ya'yansa uku suna Jidda da Riyad, suna jin Hausa amma da Larabci suke amsawa. Matarsa ta rasu shekara biyu da suka wuce, kuma wayar tata ce, da ita aka rufe layin.

Na kunna masa saƙon. Muryar Inna ta cika shagon: "Yaya, mu biyu muka rage. Ka zo ko na wata guda ne. In ba za ka zo ba, ka yafe mini, ni na yafe maka."

Ya sa na maimaita. Sannan ya shiga tambayata mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya, liman, mai gasa nama, abokinsa tela. Duk sun rasu. A na shida ya daina tambaya.

"Kawu, me zan ce mata?"

"Iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, ta kusa ƙarewa, in na fita ba lallai in dawo ba. Kuma uwar yaran tana maƙabartar Baƙi'a. Kusa da ita nake so."

Na miƙa masa wayar ya ba ta amsa. Da Larabci ya fara, ya tsaya, ya ce in goge. A karo na biyu ya kira ta da sunan da ban taɓa ji ba, Jari.

Washegari da hantsi na koma sallama. Ya ware mabkhara ɗaya cikin goman, ya ƙona sunanta a gindi da ƙarfe mai zafi. Ya ce tunda idonta ba ya gani sosai, kada ta ƙara taɓa garwashi. Ya rako ni bakin lungu, ya koma. Kafin in kai titi na ji injin ya tashi.

Na iso Kano ana yayyafi. Inna ta saurari saƙon sau uku, tana shafa haruffan sunanta da yatsa. Ba ta yi kuka ba. Ta ce Hausarsa ta karye, sannan ta tambaye ni ko yana cin abinci.

A wannan tafiya na gane cewa mutum zai iya zama a garin da duniya ke cincirindo ya kwana biyu bai yi magana da kowa ba. Na bar wa Kawu tsohuwar wayata. Duk Juma'a bayan la'asar nake kiransa in miƙa wa Inna, in fito tsakar gida in ba su wuri.