Alhaji Lasisi da Ɓerayen Dakta

Duk wanda ya san Alhaji Lasisi a Fagge ya san ba ya miƙa hannu a gaisa. Damtsenka zai cafka ya matsa kamar mai taya rago, sannan ya ce, "Kai, kana da ƙashi a ajiye!" Ni da nake ɗinki a shagon jikin gidansa, kullum da safe sai na sha matsa.

Abin ya samo asali ne shekarar da soja suka koma bariki. Ɗansa Dakta Kamoru, mai bincike a ƙasar waje, ya zo hutun sallah, Alhaji ya tsare shi a gabana.

"Wai me kake yi a can ne?"

"Baba, a cikin tsoka akwai wasu ƙwayoyin halitta da ba su gama zaɓar abin da za su zama ba. Mukan ciro su mu raine su, mu sa a inda ƙashi ya karye, ko za su zama ƙashi."

"Mutum nawa ka warkar?"

"Tukuna dai, a kan ɓeraye muke gwadawa."

Alhaji ya tafa hannu. "Malam Sani, ka ji! Ɗana ya tsallaka teku ya zama mai ɗorin ɓera!"

Na ce ni ban ma yarda tsoka na zama ƙashi ba. Nan take ya juya ya goyi bayan ɗansa. "Soja ya tuɓe kaki ya sa babbar riga, an ce farar hula ne, ka yarda. Sai tsoka ce ba za ta sauya sheƙa ba?"

Daga ranar ya hana a ɗana tarko a shagonsa na Kasuwar Singa. Ɓeraye suka yi ta huda buhunan shinkafa. Matarsa, Iya, ta yi faɗa har ta gaji, ya ce, "A bar su, abokan aikin Dakta ne."

Ana nan sai ya faɗo daga acaɓa a Titin Ibrahim Taiwo, ƙafa ta karye. Aka ɗora, ƙashi ya ƙi haɗuwa. A asibiti aka ce sai an sa ƙarfe.

"Ni gini ne da za a sa min rodi?"

Ya sa aka kira masa Dakta a waya, yana magana ana ji har bakin titi. "Ka zo ka yanki cinyata, ga tsoka nan jingim!"

"Baba, ba a kai kan mutane ba."

"Au, ɓera ya fi ubanka?"

Sai ya fara nasa binciken. Kullum da yamma a sayo masa tsire, tsoka zalla, ba kitse ba hanta. In ka miƙa hannu ya doke shi. "Magani ake roƙo?" Tumbi ya fito, ƙafa tana nan yadda take.

Amininsa Oga Emeka, mai walda a Sabon Gari, ya zo dubiya ya ce, "Alhaji, a kawo min kai gareji, yanzu in liƙe ta." Muka yi ta dariya, ban da Alhaji. Da aka kira la'asar muka miƙe za mu masallaci, na waiwayo na ga yana share ido da hannun riga. Ya ce, "Malam Sani, tun ina yaro ban taɓa sallah a zaune ba, ga shi wata da watanni." Washegari ya ce a kai shi a sa rodin.

Ya taka kuwa, da ɗingishi, amma har sahun gaba. Emeka ya ce, "In ka mutu ƙarfen nawa ne." Alhaji ya ce, "Sai dai ka biyo ni ciki ka ciro!"

Da Alhaji ya rasu, ranar jana'izarsa Emeka na tsaye can bayan sahu, yana kuka kamar yaro. Dakta ya faɗa min maganarsu ta ƙarshe: Alhaji ya ce masa kada ya gaji da binciken, wataƙila ƙafar wani tsohon ta amfana.

Allah Ya jiƙan Alhaji Lasisi, Ya haskaka kabarinsa. Yadda ya ja ƙafar nan zuwa masallaci, Allah Ya sa ta kai shi Aljanna. Amin.