Jikan Harbi-Sama

Wata rana, a garin Gusau, wani dattijo mai sayar da fenti ya ci alwashin wanke sunansa kafin a kira magariba.

Sunansa na yanka Ƙasimu. Amma in ka shiga kasuwa kana cigiyar Alhaji Ƙasimu, sai ka gaji da yawo. Ka ce Harbi-Sama kawai, ko akuyar layin za ta raka ka har shagonsa.

Ga yadda aka yi.

Yana saurayi, ƙafa da ƙarfi, kai da suma, unguwarsu ta kai wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafa. Ana dab da tashi aka ba su fanareti. Ƙasimu ya ture kowa, ya ce shi zai buga.

Ya ja da baya. Ya rugo. Ya ɗirka mata ƙafa.

Ƙwallo ta tsallake raga, ta tsallake katangar makaranta, ta tsallake hasumiyar masallaci. Wasu sun ce a Ƙauran Namoda aka tsince ta. Wasu sun ce har yau ba ta sauko ba. Ni dai ban je wurin ba, amma wanda ya ba ni labarin ba ya ƙarya sai in da buƙata.

Golan ɗaya ɓangaren, wani mai suna Lawwali, shi ya raɗa masa sunan nan take, tun bai karkaɗe ƙurar gwiwarsa ba.

Ƙasimu ya yi aure, sunan ya bi shi ɗakin amarya.

Ya je Makka ya dawo, aka ƙara masa Alhaji a gaba, sunan na nan a baya yana jiransa.

Abin da ya fi ciwo, shi da Lawwali majalisa ɗaya suke zama. Lawwali ya daɗe da barin raga, ya koma sayar da yadi, ya ajiye tumbi, amma bakinsa bai yi ritaya ba. Jirgin sama ba ya wucewa sai ya ɗaga kai ya ce a duba masa ko ƙwallon Ƙasimu ce ke dawowa.

To, Alhaji yana da ’ya, Ramlatu, ma’aikaciyar jinya a ƙasar Ailan, can ita da mijinta suke zaune. A can ta haifi Zayyanu, wanda yanzu ya zama zanƙalelen saurayi. Hausarsa tana fita kamar ta mai tauna dankali da zafi, amma tana isarsa ya tsokani kakansa cewa kakarsa Hajiya Gambo matarsa ce, aro ya ba shi.

Rannan Ramlatu ta bugo waya. Ta ce ƙungiyar su Zayyanu ta kai wasan ƙarshe na yankinsu, kuma za a nuna kai tsaye a intanet. Ta ce ƙwallon ƙafa ce irin tasu ta can, suna ce mata Gelik.

Alhaji ya ji “ƙwallon ƙafa”. Ya ji “wasan ƙarshe”. Sauran maganar ta bi iska. Gelik ɗin ma ya ɗauka sunan kulob ne.

Zayyanu ya karɓi wayar, ya ce don kakansa zai buga, amma da sharaɗi: sai ya yi alkawarin zai kalla har ƙarshe, ba irin kallon tsofaffi ba, da ake farawa da ido a ƙare da minshari.

Alhaji ya yi alkawari.

Yana ajiye wayar ya san abin da yake so. Ci ɗaya tak. Jininsa ya zura ƙwallo a raga, a ƙasar Turawa, a kan idon Lawwali. Shi ke nan, sunan ya mutu.

Ya bi ’yan majalisa ɗaya bayan ɗaya ya gayyace su. Lawwali kuwa har gida ya same shi, ya kuma tuna masa da safe.

Aka wanke inji, aka cika shi da mai. Aka loda data. Aka fito da talabijin tsakar gida ƙarƙashin rumfa, aka shimfiɗa tabarmi. Hajiya Gambo ta haɗa zoɓo mai citta, ta soya gyaɗa.

Saura sabis.

Sabis ɗin gidan Alhaji yana da hali irin na surukai. Ba ya shiga ɗaki, ba ya zama a ƙasa. Sai an ɗaure ɗan akwatin intanet ɗin a kan gora, an ɗaga shi ta jikin katanga, an ɗan karkata gabas. In ka jingine gorar, sai ya yi fushi ya tafi. Dole sai da hannun mutum.

Alhaji ya ce ba wanda zai riƙe masa. Ya naɗe hannun riga, ya kama gora, ya tsaya daga gefe inda yake hango allo.

Bayan la’asar aka take wasa.

Tun kafin a taɓa ƙwallo aka fara samun matsala. Ragar dai raga ce, amma sandunanta biyu sun zarce sama kamar eriyar gidan rediyo. Lawwali ya ce ga alama kafinta bai gama aiki ba aka kore shi. Wani ya ƙirga ’yan wasa, ya ce kowane ɓangare sun yi wa sha ɗaya ƙarin huɗu, ko dai Turawan nan ba su iya lissafi ba ne.

Sai wani jibgegen yaro ya cafe ƙwallo da hannu biyu, ya rungume ta, ya zura da gudu.

Majalisa ta miƙe tsaye. Kowa na nuna allo, kowa na kiran hannu. Alƙalin wasa kuwa yana biye da yaron a guje, hankali kwance, kamar mai rakiyar baƙo. Lawwali ya yanke hukunci cewa alƙalin kawun yaron ne.

Can sai ga Zayyanu.

Ba ya ɓacewa a filin, don shi kaɗai ne mai irin fatarmu. Aka miƙo masa ƙwallo, ya kauce wa ɗaya, ya kauce wa biyu, ga raga a gabansa.

Zayyanu ya saki ƙwallo, ya ɗirka mata ƙafa.

Ta bi ta sama.

Ƙarar inji kawai ake ji.

A bayan ragar akwai wani mutum sanye da farar riga irin ta likitoci. Ya sunkuya ya ɗauko farar tuta, ya ɗaga.

Lawwali ya ajiye kofin zoɓonsa a hankali. Ya ce jama’a su shaida, likita ma ya sallama, wannan ciwo ba shi da magani. Ya juya ya dubi mai gora, ya ce, “Alhaji, ashe abin gado ne.”

Dariyar da aka yi, sai da kajin maƙwabta suka watse.

Bayan ɗan lokaci Zayyanu ya sake samu. Ya sake bugawa sama. Likita ya sake ɗaga tuta.

Karo na uku ma haka. Wannan karon wani tsoho sai da aka bubbuga masa baya, gyaɗa ta sarƙe shi.

Hajiya Gambo ta leƙo ta bayan labule, ta yafito mijinta da ido. Murya ƙasa-ƙasa ta ce ya je ya murɗe injin nan, a ce mai ya ƙare, kowa ya kama gabansa tun da sauran mutunci.

Maganar ta shige shi. Ga injin can, taku kaɗan ne. Ga kafaɗa ta fara zogi. Ga Lawwali yana share hawayen dariya da hula.

Amma ya ce mata ya yi wa yaron alkawari. In kunya ce, ya daɗe yana shan ta, ba yau zai ƙware ba.

Ya canja hannu, ya gyara tsayuwa.

Kuma da yake shi kaɗai ne ba ya dariya, shi kaɗai ya ga abin da sauran ba su gani ba. Duk sanda yaron ya buga sama, ’yan kallon can tafi suke yi. Abokan wasansa suna dafa masa kafaɗa. Wata ’yar lamba a kusurwar allo kuma tana ƙaruwa.

Ana tafiya hutun rabin lokaci ya ciro waya da hannun da ba ya riƙe da gora, ya kira Ramlatu. Tana bakin fili, hayaniya ta cika wayar.

“Ramlatu, gaya min gaskiya. Yaron nan yana ta ɓarar da ci, me ya sa ake masa tafi?”

“Wane ɓararwa, Baba? A nan in ta bi ta sama, tsakanin dogayen sandunan nan, maki ɗaya ne. In ta shiga raga, uku. Rabin abin da muke da shi nasa ne.”

“Ta sama… ci ne?”

“Ci ne, Baba.”

Alhaji ya kashe waya. Waɗanda suka gan shi sun ce ya ɗaga kai ya dubi sararin sama, kamar mai neman wani tsohon abokin da suka yi faɗa.

Da ya gaya wa majalisa, ba wanda ya yarda. Lawwali ya ce ƙasar da kuskure ke zama ci, ai tuntuni ya kamata a yi wa zuri’ar Ƙasimu biza gaba ɗayansu.

Alhaji bai yi musu ba. Ya ce kowa ya sa ido a kan ’yar lambar can, in an dawo.

Aka dawo.

Abokan hamayya suka buga sama, tuta ta tashi, lambarsu ta motsa. Su Zayyanu suka rama, tasu ta motsa. Dariya ta fara raguwa. Wanda ya ce Turawa ba su iya lissafi ba, shi ya koma yi wa mutane lissafin maki. Tsohon da gyaɗa ta sarƙe ya fara zagin wani ɗan baya cewa yana da hannu biyu amma ya tsaya jiran ƙwallo da ƙafa kamar baƙauye.

Ka ji mutanen da ɗazu suke neman a kori alƙali.

Lokaci ya kusa cika, ana kunnen doki. Aka yi wa wani ɗan ƙungiyar su Zayyanu ƙeta, can nesa, ta gefe. Alƙali ya ba da bugu. Aka miƙa wa Zayyanu ƙwallo.

Ya ja numfashi. Ya dubi sanduna.

Sai hoton ya tsaya cak.

Wannan ɗan zagayen da ke juyawa a tsakiyar allo, wanda ya raba mutane da yawa da imaninsu, ya fito ya hau juyi.

Alhaji ya karkata gora gabas. Shiru. Ya karkata kudu. Shiru. Ya hango turmin Hajiya a kife, ya ɗare kai da babbar rigarsa, mutumin da ko matakalar masallaci sai ya dafa bango. Ya yi ɗage, ya miƙa gora iya tsawon hannunsa, har ana jin ƙashin bayansa na lissafa shekarunsa. Hajiya na salati a bayan labule.

Hoton ya dawo.

Ƙwallo na cikin iska, tana tafe tana lanƙwasa.

Sai aka ji wata murya ta tsage tsakar gidan: “Sama, yaro! Sama!”

Lawwali ne. Yana tsaye, hula a hannu, tumbi na rawa.

Ta ratsa tsakanin sanduna. Likita ya ɗaga farar tuta. Alƙali ya hura usur ɗin tashi.

Ba a gama sauko da Alhaji daga kan turmi ba waya ta yi ƙara. Kiran bidiyo ne. Ga Zayyanu jiƙe da gumi, kofin gasa a hannu, uwarsa a bayansa.

Da Hausarsa ta dankali ya ce tun yana ƙarami mamansa ta gaya masa cewa duk Gusau ba mai buga sama kamar kakansa, har suna gari ya ba shi a kan haka. Ya ce shi ya sa kullum in an tashi atisaye yake tsayawa shi kaɗai yana ta bugawa, don kar ya ba da sunan gida. Abokansa ma Harbi suke ce masa, don sauran sunan ya fi ƙarfin harshensu.

Ramlatu ta kau da kai tana gyara mayafin da ba abin da ya same shi.

Ta gaya masa sunan. Ba ta gaya masa dalili ba.

Yaron ya matso da fuska jikin waya. “Kaka, da gaske ne ko? Ka iya sosai?”

Alhaji ya buɗe baki zai yi magana.

Sai Lawwali ya miƙo hannu ya karɓe wayar.

Majalisa ta zuba masa ido. Kowa ya san wannan bakin.

Ya gyara hula, ya yi gyaran murya.

“Yaro, ni ne golan ranar. Wallahi ban taɓa ganin bugu irin na kakanka ba. Ko taɓa ta ban yi ba. Har yau ba a gano ƙwallon ba.”

Ku duba maganar da kyau. Ba ƙarya ko ɗaya a ciki.

Ya miƙa wa Alhaji wayarsa ba tare da sun haɗa ido ba, ya ce a ƙaro masa zoɓo, wannan ya huce.

Sati bai zagayo ba, mai fenti ya ɗebi fentinsa, ya goge tsohon allon shago da hannunsa. In ka bi ta layin yanzu za ka ga sabon rubutu, manya-manya, da kore:

HARBI-SAMA DA JIKANSA.

Jirgi kuma in ya wuce, tun kafin Lawwali ya ɗaga kai, Alhaji ke riga shi cewa a rubuta masa maki ɗaya.

Darasi: Kafin ka yi wa mutum dariya, ka fara tambayar dokar filin da yake bugawa. Abin da ake maka gori da shi a layinku, wataƙila akwai inda ake ɗaga masa tuta. In kuma ka yi alkawarin kallo har ƙarshe, kar ka kashe inji a hutun rabin lokaci, ko da hannu zai tsinke.

Ka tura wa duk wanda aka liƙa wa sunan da bai zaɓa ba. Ka tura wa Lawwalin majalisarku ma. In ka duba ba ka ga Lawwali a cikinku ba, kar ka wahalar da kanka, kai ne.