Jitar Tamba da Albasar Rudu

Tamba ƙanin mijina ne, Allah ya jiƙan Malam. Gida ɗaya muke a Argungu, zana ce kawai tsakanin sashena da nasa. Tun rasuwar Malam shi ke noma mini fadamar da ya bari. Albasa ake sawa, in an cire a raba biyu, rabona kuwa shi ne cin shekararmu ni da ɗiyata Nazifa.

Ba zan ci zalinsa ba, Allah ya ba shi kunne. Injin ban-ruwa na aiki can nesa zai aika wa mai shi ya kashe kafin ya ƙone, kuma in an buɗe a tarar da gaskiyarsa. Ya haura arba'in ban taɓa jin ya yi ko fito ba.

Bara da bazara anka cire albasa anka zuba a rudu, rumfar kara da ciyawa a bakin fadama inda ake ajiye ta har ta yi daraja. Sai Tamba ya kai wayarsa gyara Birnin Kebbi. Mai gyaran, wani Bayarabe da ake kira Olumide, yana da jita rataye a shago, ga wata waƙar Turawa da suke ce wa rok tana tashi. Tamba ya dawo da waƙar cikin waya, da aron jitar a bayan babur, an naɗe ta da buhu.

Farkon waƙar a hankali yake, ka ce mutanen kirki ne. Can sai wani ƙato ya fasa ihu kamar mota ta taka masa ƙafa, ƙarafa su bi shi da kuka. Mai gurmi in yana kiɗa ka san wanda yake yabo. Wannan kuwa na tambayi Tamba me ake cewa.

"Oho, matar Yaya. Ni ba maganar nika bi ba."

Ba takarda, ba malami. Ya kanga waya a kunne, ya ji guntu kamar tsawon atishawa, ya tsayar, ya lalubi sautin a kan tsarkiya, ya mai da baya. Wata rana ina tsintar shinkafa na ji guntu ɗaya ya fi sau sittin. Ranar da na kama yatsana yana jan carbi da bugun abin nan, ranar na tsani kiɗin har cikin raina.

Tsarkiyoyin na ƙarfe ne. Kan yatsunsa na hagu sunka yi bororo, sunka fashe, yana tsotsewa yana ci gaba. Daga baya sunka yi kanta, rawaya-rawaya, da tsaga a tsakiya. Ya miƙo mini ta saman zana.

"Taɓa ki ji, awa ƙahon sa."

"Ja hannunka can, Tamba. Tuwo nika tuƙi."

Albasar rudu tana son hannu. In damina ta faɗi, duk bayan 'yan kwanaki sai an shiga an juya ta har ƙasa, a tsame masu laushi kafin ruwansu ya taɓa na kusa. Aikin hannu biyu ne, kuma ruwan ruɓaɓɓiya na jiƙa fata. Ashe Tamba ya gano in fatar ta jiƙa kantar saɓulewa take yi, zafin tsarkiya ya dawo sabo. Sai ya riƙa shiga rudu hagu na cikin aljihu, ya shafa na sama da dama, ya fito. Wannan daga baya na sani. Abin da na lura a lokacin, mai juya albasa ko ya wanke da sabulu warin na bin sa har wurin cin tuwo. Tamba kuwa fes yake dawowa.

"Tamba, yaushe rabonka da ƙasan rudu?"

"Lafiya lau take, matar Yaya. Bari in kama wagga gaɓa ta tsakiya, ita ɗai ta rage. Juma'a in juye miki ita duka."

Juma'a biyu sunka wuce, gaɓar ba ta kamu ba. Na ɗauki mayafi, na kira matarsa Rukayya munka nufi fadama, gwiwata na ciwo.

Ƙudaje ne sunka fara tarbarmu. Albasar sama jawur take, ba abin da ya same ta. Na tura hannu ƙasa, ya nutse har gwiwar hannu cikin wani abu mai ɗumi. Da na zaro, baƙin ruwa ne mai yauƙi, fararen tsutsotsi na bin wuyan hannuna. Rukayya ta fita da gudu ta yi amai. Ni na tsaya, don abincina ne.

Kwana uku munka yi muna tsamewa da kwando. A rana ta biyu Tamba ya zo ya sa hannu biyu. Kafin azahar kantar ta yi fari ta saɓule kamar jiƙaƙƙen burodi. Ya zauna yana juya yatsun.

"Wata huɗu na yi ina tara ta," in ji shi.

"Tsince ta ka kai gida," Rukayya ta ce, "mu sa a miya."

Cikin buhu talatin na rabona takwas munka tsira da su. Tamba ya ce in ɗauki nasa in haɗa, nasa ma bai fi haka ba, ga 'ya'ya biyar. Na bar masa.

Har yau yana kiɗin. Ya ce Olumide ya saurara ya rantse ba bambanci da na cikin waya. Ni ban san bambancin ba.

Da lokacin yafa iri ya matso na kira Tamba, Rukayya na zaune, na ce bana Hodi maƙwabcin fadamarmu zai noma mini. Tamba ya ce gonar yayansa ce. Na ce na sani, shi ya sa. Ya tashi ya kawo mini makullin injin ban-ruwa ya ajiye a bakin tabarma.