Malam Hamidou, Mai Tsaron Kwazazzabon Potomac

Ranakun aiki, Malam Hamidou direba ne a garin Silver Spring, yana kai tsofaffi asibiti yana dawo da su. Amma Asabar na yi, da ya idar da sallar asuba sai ya ɗaure kayak ɗinsa a saman mota, wato ɗan kwale-kwalen nan na mutum ɗaya, ya nufi kogin Potomac. Ƙasan gangaren ruwan da ake kira Great Falls akwai kwazazzabo inda duwatsu suka matse kogin, ruwa na tafarfasa yana kumfa. Nan masu wasan kayak ke gwada jarumta. Shi kuwa sai ya sa hular kwano da rigar hana nutsewa, ya laɓe bayan dutse inda ruwa ya lafa, idonsa kan duk mai gangarowa. Aikin ceto ne na sa kai, ya fi shekara ashirin yana yi.

Ɗan Gaya ne ta Nijar, jikan Sarkawa, a kwale-kwale ya buɗe ido. Duk da haka, ranar da ya fara shiga Potomac kifar da shi ruwan ya yi. Bai yi girman kai ba, ya zauna gaban malaman da ya girme wa, ya koyi wannan ruwa daga farko.

Ku tambayi Chundung, nas 'yar Jos da ke zaune a Woodbridge. Wata Asabar bayan mamakon ruwan sama kogi ya cika, kayak ɗinta ya maƙale tsakanin duwatsu biyu, ƙafarta ta ƙi fita, ruwa na danne ta. Malam Hamidou ya ratsa ya jefa mata igiya, hannunta bai kai ba. Sai ya bar nasa kwale-kwalen ya tafi da ruwa, ya hau dutsen, ya tallafo kanta sama.

"Ƙanwata, dube ni, kar ki dubi ruwa. Ina nan," ya ce mata.

Haka ya riƙe ta har sauran masu ceto suka zare jirgin. Sai da suka fito gaci aka lura kafaɗarsa ta goce. Chundung ta rantse ita da kogi har abada, shi kuma ya yi ta lallashinta har ta koma. Yau ita ke koya wa sababbi yadda ake ceto.

Malam, kai ne ka bi gidajen mutanenmu kana roƙon iyaye su bari a koya wa 'ya'yansu iyo. Kai ne mai shiga ruwa don wani ya fita. Namijin duniya, jikan masu kogi.

Bana kafaɗar nan ta sa ya ajiye filafili. A walimar bankwana wani ya tambaye shi mutum nawa ya ceto. Ya ce bai taɓa ƙirgawa ba. "Abin da na sani, ban taɓa ƙwanƙwasa ƙofar kowa da mugun labari ba."

Mun gode, Malam Hamidou, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Mu kuma da muka rage, kowa ya duba inda mutane ke kifewa kusa da shi, ya je ya tsaya a wurin.