Abdulgani Mai Notin Yumɓu

Duk wanda ya taɓa shiga motar Gwandu zuwa Kalgo ya san Abdulgani direba, amma ba kowa ya san abin da ya sa ake ce masa Mai Notin Yumɓu ba. Ni na sani, don ni na raɗa masa sunan. Taubashina ne: uwata da ubansa, Kawu Bawa, ciki ɗaya suka fito. Yana cewa ni bawansa ne, ina cewa shi ne nawa, har yau ba a sami alƙalin da ya raba mu ba.

Tun fil azal hannun Abdulgani ba ya zama wuri ɗaya. Tsofaffi sun ce ran da aka haife shi, sai da ya zare wa ungozoma awarwaro sannan ya yi kukan farko. Da ya tasa, in an ba shi fartanya ya kama kunya, sai a tarar da shi a inuwa ya cire ruwan daga ƙota, wai yana duba yadda aka haɗa su. Kawu ya gaji, ya bar shi ya bi wata babbar motar gyaɗa, ya yi shekaru yana yaron mota tsakanin Sakkwato da Gusau. Ya dawo gida da iya tuƙi, da kuma wata jakar fata cike da sifanun Ingila. Kowace Juma'a sai ya shafa musu mai kafin ya shafa wa ƙafarsa. Matarsa Zulai, mai ginin tukwane, takan ce da sifana na cin tuwo, da su za a fara zuba wa.

A shekarar 1957 ya je Gaya, can ƙasar Faransa bayan Kamba, ya ga wata tsohuwar a-kori-kura, zuciyarsa ta zauna a kanta. Ya dawo ya yi ta yi wa Kawu zaƙin baki har tsoho ya sayar da bajimansa biyu. Ran da motar ta shigo Gwandu an ji ƙararta har garin Dodoru, kajin garin Malisa kuwa sai da suka yi wata ba su yi ƙwai ba. Ba ta daɗe tana aiki ba sifirin baya, ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyinta a kan taya, ya karye, ta zauna a ƙofar gida ta karkace kamar jakin da ya ƙi kaya.

Kawu ya fito, ya zagaya ta, ya tsaya.

Ya ce, "Abdulgani, bajimaina ke nan?"

"Baba, sifiri ne kawai. Umaru Maƙeri ya riga ya ƙera mini sabo."

"To, ji nan. Albasata tana fadama. In an gama haƙa, wagga aba ba ta kai ta kasuwar Kalgo da ƙafafunta ba, Umarun nan za shi sare ta shi yi mini fartanyu. Kai kuma ka riƙi ɗaya, ka bi ni gona."

Kawu ba ya magana biyu. Tun daga ranar Umaru Maƙeri ya mai da gindin tsamiyar ƙofar gidan wurin hutawarsa. Kullum la'asar sai ya zo, ya yi sallama, ya ƙwanƙwasa ƙofar mota da yatsa, ya ce, "Kai, ƙarfe mai kyau! Wagga ƙofa ita kaɗai ta isa galma huɗu."

Aikin kansa ba wani abu ba ne. Noti huɗu ne suka riƙe sifirin, a kwance su, a sa sabo, a ɗaure. Abdulgani ya shimfiɗa sifanun Ingilarsa yana taƙama. Ya sa wannan, ta yi wa notin yawa. Ya sa ta ƙasa da ita, ta ƙi shiga. Ya koma wa ta farko ya danna da ƙarfi, ta zame, ta tafi da fatar yatsunsa, ta kuma ci kusurwar noti guda. Ihun da ya yi sai da ladan ya leƙo ya ga ko gobara ce.

Wani direba da ya tsaya shan ruwa shi ya warware masa. Ya ce motar Ingila da inci aka auna ta, ta Faransa kuwa da milimita, sifanar wannan ba ta kama notin waccan. Ya ce akwai wani tsohon soja a kasuwar Kalgo, Albarka, yana kawo kayan ƙarfe daga Gaya.

To, a nan gizo ke saƙa. Noti ya ƙi fita, mota ta ƙi tafiya, yaya za a kai wa Albarka awo? Mu dai mun gaji hanya tun kaka da kakanni: in za ka sayo wa mutum takalmi ba ka ɗaukar ƙafarsa, kara kake karyawa daidai tsawonta. In hula ce, zare. Na ce masa ya karya tsinken tsintsiya. Ya dube ni kamar na zagi Kawu.

Ya ce, "Bawana, aji biyun da ka yi a elementare ba su yi maka rana ba. Ƙafa tsawo gare ta. Noti kusurwa shida gare shi. Tsinke ya san kusurwa?"

Sai ya ɗebi yumɓun Zulai, ya danna a kan notin sifiri, ya zare, ga ramin noti ya fito sak. Ya yi haka ga wasu uku na cikin inji, don kada gobe ya sake wahala. Ya shanya su, suka bushe, ya cusa sabon yumɓu a ramukan, ya fitar da notuna huɗu kyawawa, kusurwa shida-shida. Don kada su fashe a hanya, ya jefa su cikin tukwanen Zulai ran da ta yi gashi. Suka fito jajaye, suna ƙara kamar tsakuwa. Gaskiya ko ni sai da na yaba, a zuci.

Muka hau kekuna tun jajibirin kasuwa. Ni ba abin da zan saya, rakiya na yi don kada abin dariya ya faru ba na nan.

Albarka mutum ne dogo mai gashin baki, yana zaune tsakanin mai busasshen kifi da mai igiya. Ya kwance wani naɗin tamfol, sai ga sifanu goma sha biyu a jere, daga ƙarama kamar ɗan yatsa har babba kamar damtse. Kowace ɗaya kai biyu gare ta, awo ɗaya: gefe guda baki buɗe, gefe guda zobe.

Ya ce, "Samari, zoben nan na noti mai taurin kai ne, shina rungume shi ta ko'ina, ba shi zamewa. In ya saki, ka juya ka ƙarasa da baki. Lambar kuma dubi, guda ce cur, goma, sha biyu, sha huɗu. In ka ga lamba bisa lamba da sanda a tsakani, ta Ingila ce, aje ta."

Ya ɗauko wata mai walƙiya daga wani kwando ya sake ta a kan dutse, ta ce kwaf. Ya saki tasa, ta yi ƙara kamar ƙararrawar makaranta.

"Kun ji? Waccan ta kwando, in ta gamu da noti na gaske bakinta za shi wage kamar na mai hamma."

Sai Abdulgani ya kwance bakin aljihu ya jera notunansa. Kafin ka ce kwabo rabin kasuwa ta taru, mai kifi har ya bar wa ƙuda kayansa. Abdulgani ya gwada, ya gwada, ya ware sifanu huɗu da suka zauna daram.

Albarka ya ce, "Ɗauki naɗin duka. Ba a raba ɗiya da uwa, mota kuma ba ta gaya maka inda za ta yi ciwo gobe."

"Mi zan yi da sha biyu, Baba Soja? Hannu biyu gare ni."

Muka dawo Gwandu yana waƙa a kan keke. Ya kira Kawu, ya kira maƙwabta, ya ce wa Umaru ya matso ya yi bankwana da galmunansa. Ya kwanta ƙarƙashin mota, ya ɗauki babbar cikin huɗun, ya kai ta bakin notin sifiri. Ta ƙi shiga. Ya juya zobe, ya ƙi. Ya goge noti, ya yi bisimilla, ya sake. Ko kusa.

Ya fito da notin yumɓun ya kanga a jikin na ƙarfen, sai ga shi kamar ɗa a gefen ubansa.

Zulai tana leƙe daga zaure, ta rufe baki da gyale, dariya ta ci ƙarfinta. Ta ce, "Malam, ashe awo ne? Wallahi na zaci 'ya'yan dara kake yi! Yumɓu ai rana ta ci nata, wuta ta ci nata. Ba ka ga tukunyata ɗanya ta fi gasassa girma ba?"

Na faɗi ƙasa ina birgima. A nan na raɗa masa suna, kafin magariba yaran unguwa sun sa shi a waƙa. Umaru kuwa ya tashi a natse, ya fara auna bayan mota da taƙi.

Washegari aka fara haƙar albasa. Kasuwa ɗaya ta rage a tsakani. Na je da yamma da sabuwar tsokana a bakina, na tarar da shi zaune ya shimfiɗa sifanun Ingila a kan tabarma yana shafa musu mai, alhali ba Juma'a ba ce. Ya ɗauki wannan ya juya, ya aje, ya ɗauki waccan. Bai ce mini bawansa ba. Na haɗiye tsokanata, na zauna.

Can ya ce, "Miƙo mini tsintsiyar can."

Ya zari tsinke, ya shiga ƙarƙashin mota, ya karya shi daidai faɗin noti, ya soke a hularsa. Allah ya sani na sha wuya kafin na danne "ai na gaya maka."

Ran kasuwa muka koma Kalgo. Da Albarka ya hango mu, tun daga nesa ya fara dariya. "Mai yumɓu! Yau kuma da mi ka zo, da tuwo?"

Abdulgani ya aje sifanu huɗun, ya aje jakar fatarsa a kai. Albarka ya buɗe, ya daina dariya, don motocin Ingila ne suka cika hanyoyinmu, kaya irin wannan ba ya kwana. Ya karɓi tsinken ya sa a bakin wata, ya zauna cif, lamba sha tara. Ya mai da huɗun cikin 'yan'uwansu, ya naɗe tamfol ɗin duka, ya miƙa masa. Abdulgani ya karɓa, amma sai da na ja shi da riga, don ya tsaya yana yi wa jakar fata kallon wanda ya kai ɗiya gidan miji.

Ran da aka ɗure buhun ƙarshe na albasa, Umaru ya zo da kurfin saran ƙarfe da guduma a kafaɗa, wai don kada a wahalar da aike. Abdulgani ya jiƙa notunan da kananzir. Ya sa zoben sha tara a kan wanda aka ci wa kusurwa, ya rungume shi tsam. Ya tokare ƙafa da taya, ya ja. Shiru. Ya sake ja har jijiyar wuyansa ta yi kamar igiyar guga. Sai notin ya yi wani kuka, ƙiiiƙ, ya juya. Zulai ta rangaɗa guɗa daga cikin gida. Sauran ukun da suka ga babbansu ya sallama, ba su yi gardama ba.

Kafin la'asar sabon sifiri ya hau, mota ta miƙe tsaye. Umaru ya ɗauki karyayyen, ya ƙwanƙwasa, ya ce ko ba komai wannan zai yi wuƙaƙe, ya tafi yana waiwaye.

Da safe muka loda albasa har ta fi tsamiya tsawo. Kawu ya shiga gaba, ya riƙe ƙofa da hannu biyu, bai saki ba, bai kuma daina salati ba sai da muka tsaya a bakin kasuwar Kalgo. Ya sauka, ya kakkaɓe riga, ya zagaya motar kamar yadda ya yi ran farko.

Ya ce, "Abdulgani."

"Na'am, Baba."

"Bajimai ba su kai ni Kalgo kafin azahar. Ka gaya wa Umaru shi nemi ƙarfe wani wuri."

Naɗin tamfol ɗin yana nan ƙarƙashin kujerar direba, sha biyu cif, ba ya ba da aron ko ɗaya. Notunan yumɓu kuwa maganar Zulai ta tabbata, da su muke dara a gindin tsamiya. Motar kuwa kyauta nake hawa, ina cewa ubangida ba ya biya, shi yana cewa ba a karɓar kuɗin mota a hannun bawa. Umaru ma bai fid da rai ba. Duk ran da motar ta yi tari da safe, sai ka ji muryarsa daga maƙera: "Mai Notin Yumɓu, lafiya dai ko? Ina nan fa!"