Kocin da Ya So Ya Miƙe Mini Iyo

Shekarar da aka yanke jiharmu daga Gongola, aka ce kowane ma'aikaci ya tattara ya koma inda aka binne cibiyarsa. Tebura an raba, motoci an raba, har injin buga takardu an ɗoro shi a mota an kawo Jalingo. Kwamin iyo ne kaɗai ba ya ɗaukuwa. Ya yi zamansa a Yola, aka turo wa kwalejinmu mai koyar da iyon hannu rabbana.

Koci muke ce masa, mu da malamai duka. Mutumin bakin Binuwai ne, Bajukune, dogo, ya ba hamsin baya, magana ba ta dame shi ba. In ya yi Hausa, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa, muna kwaikwayonsa a bayan ido muna dariya, Allah ya yafe mana. Ya daɗe yana koyar da iyo da tsalle daga allo. Ɗalibansa sun je gasar ƙasa sun dawo da lambobi, hotunansu na cikin wata ambulan da ta sha jiki, ba ya nuna wa kowa sai an matsa masa. A wurinmu tsallen ya mutu tun ranar farko, don allo babu, zurfi babu. Iyon ne ya ƙi bari ya mutu, ya ce tunda akwai kogin Lamurde, akwai aiki.

Ni a lokacin ina shekara ta biyu, ɗan tela daga Sarkin Dawaki, kuma a ganina ba a haifi wanda zai wuce ni a ruwa ba. Tun ina ƙarami nake satar jiki zuwa kogi, na sha bulala a kan haka har ta gaji da ni. Da aka ce ana neman masu iyo, ni na fara miƙa suna, har da ɗaga kafaɗa.

Tafiyarmu ta farko gasar kwalejoji, mu huɗu ne, kwana guda cur a mota. Can na fara ganin kwami da idona. Ruwa shuɗi, a kwance, ba ya zuwa ko'ina, an ja igiyoyi an raba wa kowa layinsa. Na ce a raina, wannan ai wasan yara ne. Aka busa usur na faɗa, ban yi nisa ba sai ga ni na rungumi igiyar hagu. Na gyara, na sake rungumarta. Biyu daga cikinmu haka suka yi ta cin karo da igiyar hagu, ɗayan kuma, ɗan wajen Lau, ta dama ya yi ta yi wa gaisuwa. 'Yan kallo suka yi dariya har da riƙe ciki, wani ya ɗaga murya yana tambaya ko mun sha wani abu ne. Mu ne na ƙarshe a kowane tsere.

Da muka dawo, shugaban kwaleji ya kira Koci, kuma maganar ba ta ɓuya ba, don masinjan ofis ya raba mana ita da zafinta. Wasa ba kwami, ba lamba, sai abin kunya. An ba shi gasa ɗaya. In ya sake dawowa haka, za a soke iyo daga kwaleji, shi kuma ya koma filin ƙwallo ya riƙa busa usur. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a bakin ruwa, wai shi za a miƙa wa ƙwallo. Ni ma da ba ni aka yi wa ba, sai da abin ya yi mini ciwo.

Sati guda ya wuce. Sai wata safiya Koci ya kai mu kogi, ya zauna a kan yashi, ya ce in shiga in je dutsen tsakiya kamar yadda na saba. Na shiga na je na dawo.

"Ka ga abin da ka yi?" ya ce.

"Na je dutse, Koci."

"Ba dutse ka nufa ba. Sama da dutse ka nufa, ruwa shi ya sauko da kai. Wa ya koya maka?"

Ba wanda ya koya mini. Duk ɗan da ya tashi a bakin kogi ya san ba a tunkarar tsallake kai tsaye. Ƙirji ake ba ruwa, a karkata wajen da yake fitowa, shi kuma ya ture ka zuwa inda kake so. Mu 'yan wannan gaɓa zuwa ne muke sa ƙarfi, kuma ruwan ta hagunmu yake zuwa. Dawowa kwanciya kawai muke yi ya kawo mu. Shekara da shekaru hannuna ya saba jan hagu ban sani ba. A kwami kuwa babu mai ture ni, sai in tafi hagun da gaske. Koci ya ce shi yanzu in ya ga inda mutum ya karkata, zai faɗi gaɓar da aka haife shi. Ranar ce na fara ganin haƙoransa.

Daga nan aiki ya tashi. Kogi ba zai yi ba, ruwa kwantacce ake so. Ya yi ta yawo a kan kekensa har ya samo wani kududdufi a hanyar Iware, inda masu yin titi suka haƙi marmara suka tafi. Ya auna tsawonsa da taku, ya kafa turaku, ya ja igiyoyi biyu irin na ɗaure shanu, ya zura musu tsofaffin galan don su taso. Safiya uku a sati muna can. Makiyaya kan kawo shanu su tsaya suna kallonmu, wani dattijo a cikinsu ya taɓa tambayata, da gaskensa, ko wani abu ne ya faɗa mana a ciki muke nema.

Da sannu sauran suka zame. Ɗaya tsargiya ta kama shi, ɗaya ya ce karatu, ɗan wajen Lau kuma ya ce shi ba kwaɗo ba ne. Ya rage ni kaɗai, wato kujerar Koci tana kan wuyana, kuma mu biyun mun san haka ko da ba mu taɓa furtawa ba. Yana bin bakin kududdufi da doguwar gora, da na karkata sai in ji ta a kafaɗa. "Miƙe! Miƙe!" Kalmar nan na ji ta har na tsane ta. Rannan na fusata na fito na ce masa ni ba jaki ba ne da za a bi ni da sanda. Ya dube ni ya ce, "Jaki ya san hanya. Koma." Na koma ina ƙunƙuni.

Wata shida muka yi. Kuma na miƙe, wallahi na miƙe. Sai in je in dawo sau goma ban taɓa igiya ba. Ya koya mini sa fuska cikin ruwa, abin da ɗan kogi ba ya yi don yana duban itacen da ruwa zai kawo. Ya koya mini juyi, da wani faifan katako da ya kafa a madadin bango. Ana saura kwana biyu mu tafi ya duba agogonsa, ya duba ni, ya ce in Allah ya yarda ko lambar tagulla ce za mu samu.

Tseren zuwa da dawowa ne sau biyu. Na wuce zagayen share fage lafiya. A na ƙarshe, tsawo uku ina na biyu, ina ganin ƙafar na gabana. A na huɗu numfashi ya ƙare, hannuwa suka yi nauyi, kaina ya daina lissafi. Hali zanen dutse. Ban san lokacin da na karkata ba, sai dai na ji hannuna na hagu ya shige ƙarƙashin igiya. Kafin in zare shi mutum biyu sun wuce. Na huɗu na zo, kuma ba a ba na huɗu komai.

A mota har Jalingo ban iya duban inda Koci yake ba. Kafin wata ya ƙare takarda ta fito. Aka soke iyo. Na hango shi a filin ƙwallo da gajeren wando, yana bin yara da usur a baki, na juya na bi ta bayan ɗakin karatu. Haka na yi ta yi har muka yi hutu. In ya ɓullo ta gabas, ni na yi yamma. Kunya ce, da haushin kaina, kuma in faɗi gaskiya har da haushinsa, don me zai ɗora wa mutum ɗaya kaya irin wannan. A filin nan ya ƙarasa shekarun aikinsa, bai sake koyar da kowa iyo a kwaleji ba.

Cikin hutun ne, damina ta yi tsakiya, ina shagon Baba ina sa maɓalli, sai ga keken Koci ya tsaya a ƙofa. Na sunkuyar da kai a kan maɓallina. Baba ya ba shi benci, suka gaisa, sannan Baba ya ce, "Malam, lafiya dai? Ko ya yi wani abin ne?"

"Shi bai yi komai ba, Alhaji. Ni na yi. Na zo ya yafe mini a gabanka."

Baba ya tsayar da keken ɗinki.

"Yaron nan akwai abin da kogi ya koya masa," in ji Koci. "Shi ne yake fitar da shi da rai in ya shiga ruwa. Wata shida ina dukan abin nan don ya fita. Ba don shi ba, don kujerata. Kwami sau ɗaya zai gani a shekara, kogi kuwa ga shi nan bayan gidanku. Tunda ruwa ya fara cika ban samu kwanciyar rai ba. Ban san ko na ɓata shi ba."

Na buɗe baki in ce ni ne mai laifi, ya ɗaga mini hannu. Ya ce abu ɗaya yake roƙo, in Alhaji ya yarda. In zo mu je kogi ya ga na tsallaka da idonsa. Baba, wanda ya karya tsumagiya ba iyaka a kaina saboda kogin nan, ya dube ni, ya dubi Koci. Can ya ce, "In bai je da kai ba, zai je shi kaɗai. Ku je."

Lamurde ya cika ya yi ja, yana tafe da kara da rassan itace. Dutsen tsakiya ma ya nutse. Koci ya tsaya a kan gaɓa da rigarsa da takalminsa, daga filin ƙwallo yake. Ya nuna mini wata bishiya a tsallake.

"Can. Kuma ka manta da ni. Kar ka ji muryata."

Na faɗa. To, ashe muryar tana nan. Na sa fuska cikin ruwa na miƙe sak kamar a kududdufi, hannu biyar, shida, bakwai. Da na ɗago, bishiyar ta gudu can hagu, gaɓa tana wucewa da gudu, wani reshe ya doke ni a haƙarƙari na sha ruwa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba a kogin nan. Daga nan ban san me na yi ba, jikin ne ya yi abinsa. Kai ya tashi sama, ƙirji ya juya ya fuskanci ruwa, hannun hagun nan da ya jawo mana asara ya shiga ja. Na fita can ƙasa da bishiyar, nesa ƙwarai, na kama ciyawa ina haki ina amayar da ruwa.

Da na waiwaya, babu kowa inda na bar shi. Sai can ƙasa, daidai inda ruwa ya fara tafiya da ni, na hango shi a ciki har ƙirji, yana riƙe da wata saiwa da hannu ɗaya. Da ya tabbata na fita, ya juya ya hau gaɓa a hankali, ya zauna a kan laka ya dafe kansa. Ko takalmi bai tsaya cirewa ba.