Gyaran da Kakata Ta Yi Mini a Salaga

Shekarun baya, ina sabuwar ma'aikaciyar jinya a Yendi, cocinmu ya shirya tura ƙaramar tawaga zuwa Nijar, can ƙauyukan Maraɗi. Aikin na ɗan lokaci ne: a duba marasa lafiya, a ba da magani, a yi addu'a da wanda ya so, a ƙarfafa 'yan'uwa masu bi da ke can, a dawo gida. Ranar da fastonmu ya tambaya ko akwai mai jin Hausa sosai da zai yi wa likita tafinta, tun bai rufe baki ba na ɗaga hannu. Har miƙewa tsaye na yi, don kada a ce ba a gan ni ba.

Me zai hana? A Bawku aka haife ni, inda ƙabilun Kusasi da Mosi da Busanga duk da Hausa suke cinikin albasa. Marigayi mahaifina Kusasi ne, amma mahaifiyata 'yar Salaga ce, daga tsohon gidan Hausawa fataken goro. A ganina Hausa gadona ce, ba abin da wani zai ƙara mini.

Ana nan sai matar faston da zai sauke mu a Nijar ta zo wani taro a Tamale, ta ratso Yendi don ta ga shirinmu. Aka turo ni gaba in tarbe ta. Na rusuna da ladabi na ce, "Mama, sannu da zuwa. Ka zo lafiya? Yaya mijinka?"

Ta dube ni, ta danne dariya da bakin gyale. "Lafiya lau, 'yata. Sai dai ni 'ki' ce, ba 'ka' ba."

Ga wanda bai san Hausar zangonmu ba, wato unguwannin Hausawa na ƙasarmu, mu a wurinmu kowa "ya" ne. Baba ya zo, mama ya zo, akuya ya haihu. Kowa yana gane kowa, ba wanda ya taɓa kwana da yunwa saboda haka. Na yi dariya tare da ita, ina ganin ƙaramin abu ne.

Sai ta ce mu gwada aikin. Ta zauna a matsayin mara lafiya, likitanmu, wanda ba ya jin Hausa ko ta sayen ruwa, ya zauna a gabanta, ni a tsakiya. Ya tambayi abin da ke damunta. Ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, "Ina jin jiri. Kuma ina da juna biyu."

Na juya na gaya wa likita da Turanci, cike da gadara, cewa ciwo biyu ke damunta. Ya ɗauki biro ya ce to ta faɗi na farko.

Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ciki gare ni nake nufi. A ƙauyukanmu mace ba za ta dubi idon baƙon namiji ta ce tana da ciki ba, sai ta kewaya. Idan ba ki gane ba, aka ba ta maganin da bai dace da mai ciki ba fa?"

Fastonmu mutum ne mai sauƙin kai, bai tsawata mini ba. Ya ce akwai sauran lokaci, in gyara. Idan abin bai yiwu ba, za a nemi tafinta a can, a ba wani gurbina. Ni kuwa na riga na gaya wa rabin Yendi cewa zan hau jirgi.

Na buga wa mahaifiyata waya a Bawku na zayyana mata. Ta yi dariya har da tari. Ta ce laifinta ne, da Hausar kasuwa ta rene mu, ita kanta tata ta yi tsatsa. Sai ta ce, "Ki je wurin Inna, kakarki."

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a gidanmu. Tun da mahaifiyata ta auri mahaifina ta shiga coci, tsakaninta da Salaga sai gaisuwar mutuwa. Ba faɗa ake yi ba, amma ba a hira. Ni kaina zuwana gidan bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Yanzu kuma zan je in ce wa tsohuwar da ba ta rabuwa da carbi ta koya mini Hausa don in tafi aikin bishara.

Na ɗauki hutu, na shiga motar Bimbila, na wuce Salaga. Na tarar da kakata a tsakar gida tana ware goro a kan ganye, tana yayyafa masa ruwa. Bayan gaisuwa na ce gara in faɗi gaskiya tun da wuri, in za ta kore ni ta kore ni da rana. Na gaya mata komai, har da maganar juna biyu.

Ta daɗe tana kallona. Sai ta ce, "Wato da wannan bakin za ki je ƙasar Hausa? Idan suka tambaye ki 'yar gidan wa ce, ki ce nan?"

Na ce, "Kaka, shi ya sa na zo wurinka."

Sai na ji mafici a ƙeyata, tas! "Wurinki! Kin ga gemu a fuskata?"

Ta kafa sharaɗi ɗaya. Ta ce, "Maganar jiki zan koya miki, da gaisuwa, da ladabi, don kada ki kashe 'yar mutane. Maganar coci kuwa ki kai wa fastonki, ba ruwana." Na ce na yarda.

Washegari labari ya zaga unguwa cewa jikar gidan goro ta zo koyon magana. Kafin hantsi ƙawayen kakata sun cika tsakar gida, kowacce da kujerarta 'yar tsugunno. Suka mai da gidan asibiti. Ɗaya ta kama ƙugu tana nishi, wata ta ce mararta ke murɗawa, wata ta ce ƙeyarta ke sara. Wata dattijuwa da ba ta da haƙori ko ɗaya ta kwanta a tabarma ta ce naƙuda take yi, aka yi ta dariya har mai koko ta leƙo ta katanga. Duk wadda na kira "ka" sai ta miƙe da fushin ƙarya ta ce an mai da ita namiji, sai an biya ta da goro. Kakata ce ke asarar goron, ni ce ke shan maficin.

A wurinsu na koyi abin da ban taɓa ji a makarantar jinya ba. Idan ka tambayi mace 'ya'yanta nawa, wata za ta tsallake ɗan fari saboda kunya, sai ka sake tambaya ta wata hanya. Idan ta ce "da sauƙi," ba lallai da sauƙin ba ne, ka dubi fuskarta. Ba a faɗa wa tsoho tambaya kai tsaye kafin a gama gaisuwa, ko da layi ya kai bakin titi. Ni ma ban zauna haka ba. Da na'urata na zo, na auna hawan jinin kowacce, na gano biyu da ya kamata su ga likita, na kuma hana kakata zuba gishirin da take zubawa a miya. Ta ce tun kafin a haifi uwata take cin gishirinta. Muka yi ta ja-in-ja.

Akwai abu ɗaya da ya rage. An ce kowannenmu ya shirya shaidarsa, wato ɗan gajeren labarin abin da Allah ya yi masa, don ya faɗa a cocin da za mu sauka. Tunda na yi alkawari, ban kai wa kakata wannan ba. Sai bayan azahar, idan ta shiga ɗaki ta kishingiɗa, in zaga bayan ɗakin, ƙarƙashin darbejiya, in riƙa maimaitawa a hankali. Na manta tagar ɗakinta nan take kallo.

Wata rana na fara, "Lokacin da mahaifiyata ya zo haihuwata..."

Daga cikin ɗaki na ji, "Ta! Uwarki mace ce, ni na haife ta!"

Na ce, "Kaka, ai kin ce ba ruwanki."

"Ba ruwana da cocinku. Amma ba zan kwanta ina ji ana yanka Hausa a bayan ɗakina ba. Ci gaba."

Na ci gaba, tana jefo gyara ta taga kamar mai jifan kaji. Har na iso tsakiyar labarin, wanda tun ina ƙarama nake jin sa: yadda mahaifiyata ta sha wuya a haihuwata, ta zubar da jini har ta fita hayyacinta, ba ta da kowa nata a Bawku, sai matan coci da suka kwana suna addu'a a kanta, Allah ya tashe ta.

Na jira gyara, ban ji ba. Can sai ta ce, "Wannan ba daidai ba ne."

Na ce, "Wace kalma?"

"Ba kalma ba ce. Shigo."

Na same ta zaune a bakin gado. Ta ce ranar da labari ya iso Salaga cewa 'yarta tana tsakanin rai da mutuwa, kakana ya riga ya rantse ba mai taka Bawku daga gidansa. Sai ta ce masa za ta kai goro Yendi. Daga Yendi ta hau bayan babbar motar doya, ta sauka ta hau wata, har Bawku.

Ta ce, "Na tarar da ita ba ta san inda take ba. Matan nan suna gefe guda suna tasu addu'ar, ni ina gefe ina tawa. Ke kuma an ajiye ki a tsumma kina tsala ihu, baki kamar na kwaɗo. Ni na fara yi miki wanka. Da na ga ta fara motsi, likita ya ce ta tsallake, sai na kama hanya, don in ta buɗe ido ta gan ni ba zan iya tafiya ba. Na roƙi ubanki da matan nan kada su faɗa, kada maganar ta dawo kunnen kakanki. Ubanki mutumin kirki ne, ya riƙe har kabarinsa."

Na ce, "Kaka, ai Kaka namiji ya daɗe da rasuwa. Me ya hana ki faɗa mata?"

Ta ɗaga kafaɗa. "Ba ta tambaya ba. Ni kuma ban iya fara magana ba." Ta share ido da gefen zane, ta harare ni. "In za ki faɗa a gaban mutane, ki faɗa daidai. Kada ki je ƙasar wasu ki ce 'yata ba ta da kowa."

Ban nemi izininta ba, na danna lambar mahaifiyata, na gaya mata a gurguje, na manna wa kakata wayar a kunne. Ina jin kukan mahaifiyata daga inda nake, tana ta cewa, "Inna, Inna." Kakata ta bari ta yi mai isarta, sannan ta ce, "To ya isa. Ke ma Hausarki ta lalace. Ki zo in ji ki da kyau."

Kafin hutuna ya ƙare mahaifiyata ta iso Salaga da buhun albasa da zabi biyu. Ban san abin da suka tattauna ba, sun rufe ƙofa. Na dai san da suka fito suna gardama a kan yadda ake soya zabo, kamar ba su taɓa rabuwa ba. Ranar da zan koma Yendi, kakata ta dafa kaina ta yi doguwar addu'a irin tata, Allah ya kai ni lafiya, ya tsare bakina da hannuna. Mahaifiyata ta ɗora tata da sunan Yesu. Kowacce ta ce amin a ta ɗayar.

Na ci gwajin tafinta da aka sake yi mini ta waya, na kuma hau jirgin daga Akra. A ƙauyukan Maraɗi aiki ya tafi lafiya, mata suka saki jiki da ni. Amma kada ku ɗauka na tsira daga dariya. 'Yan matan cocin suka ce ina magana kamar tsohuwa mai shekara tamanin, gaisuwata ba ta ƙarewa, karin maganata tun na zamanin fatake. Ranar da na ce wa wata uwa ta ba yaronta akwadu, kowa ya yi tsuru-tsuru, sai da na zana a ƙasa suka ce, "Au, ayaba!" Da na dawo na kai ƙara, kakata ta ce akwadu ita ce Hausa ta asali, su ne suka manta. Har yau ba ta janye ba.

Shaidata kuwa na faɗe ta da gyaranta, na ce a ɗakin nan mata kashi biyu ne suka yi addu'a, kowane kashi da irin tasa, kuma ɗaya daga cikinsu a bayan motar doya ta zo.

Idan na tuna wannan tafiya, ba jirgin ke fara zuwa mini ba, ba kuma Nijar ba. Na yi ta shirin kai saƙon ƙauna ga mutanen da ban taɓa gani ba, alhali tsakanin Bawku da Salaga akwai mata biyu da kowacce ke jiran ɗayar ta fara magana. Ni ban shirya sulhunta kowa ba, kunyar jahilcina ce ta kai ni. Yanzu kakata ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi rauni, ba ta iya ware goro. Mahaifiyata ta bar mana gidan Bawku ta koma Salaga da zama. Ranar Lahadi takan tafi cocinta, kafin ta fita kuma sai ta cika wa Inna butar alwala ta ajiye mata inda hannunta zai kai.